Salaga na Ƙarshe

Da rago zai yi magana, a ce masa ya zaɓa tsakanin ƙafa marar ciwo da 'ya'yan da ko ya gan su ba zai san nasa ne ba, wanne zai ɗauka? Babu wanda ya sani. Sanni mai gyaran agogo ya kwashe damina guda yana juya tambayar nan a ransa, a rumfarsa ta bakin titi da kuma a bakin garken da ke bayan ɗakinsa a Zangon Kumasi, bai ga ƙarshenta ba.

Sunan ragon Salaga. Sunan ubansa ma Salaga, haka kakansa. Tun zamanin da kakan Sanni ya gangaro daga arewa a ƙasa, ya yada zango a kasuwar garin Salaga ya sayi wani dogon farin rago mai baƙin tabo kewaye da idon hagu, gidan bai taɓa rasa rago mai wannan tabo da wannan suna ba. Ƙa'idar gidan biyu ce. Ba a yanka Salaga sai an ga magajinsa ya tasa. Kuma ba a hana kowa shi: duk mai tunkiya a unguwa, ko daga wace ƙabila yake, ya kawo ta a yi barbara ya tafi, godiya kawai zai bari. In ta haifi namiji mai tabon ido sai a kawo shi gidan a nuna, in gidan na bukata a bar shi.

Bara wata annoba ta shiga tumakin Zango, mai zawo da majina, ta share ƙanana. Magada biyu da Sanni ke reno suka bi juna. Salaga ya tsira, amma ya tashi da gwiwoyi a kumbure, in zai miƙe sai ya yi ta nishi kamar tsoho a kan buzu. A duk faɗin unguwar babu wani namiji mai tabon ido da ya rage sai shi.

Shakiru mahauci, abokin Sanni tun suna makarantar allo, shi ya kawo maganin. Wata ƙaramar kwalba ce ta allura wadda masu kiwon ragunan layya ke kira deksa.

Ya ce, "Mai agogo, ka tsira masa wannan a cinya. Gobe in bai tashi ya tunkuye ka ba, ka zo mahauta ka zage ni a gaban yarana."

Kashegari kuwa Salaga ya miƙe tsaye ba nishi. Ya cinye dusa, ya cinye ɓawon rogo, ya nemi ƙari. Kafin wata ya zagayo gashinsa na sheƙi, ƙugunsa ya cika. Hannun da ya saba da cikin agogo ba ya rawa, saboda haka Sanni ya ƙware da allurar nan da nan. Da ya ga ragon ya fara ɗingishi sai ya sake tsira masa. Haka aka yi ta tafiya wata da watanni, kowa ya zo wucewa sai ya leƙa garken ya ce tubarkalla.

Abibatu mai koko ce ta fara kawo tunkiyarta. Aka saka ta a garke. Salaga ya ɗaga kai ya dube ta, ya mai da bakinsa cikin kwanon dusa. Tunkiyar ta zagaya shi, ta goge shi da kafaɗa, ta yi kuka. Ya matsa mata ta wuce. Bayan ta aka kawo wasu, har daga unguwar Dichemso, duk suka koma yadda suka zo.

Shakiru ya ce, "Ragonka ya tuba ke nan. Ka saya masa carbi."

Sanni bai yi dariya ba.

Matarsa Rakiatu ce ta kira Hikma ba da saninsa ba. Hikma 'yar ƙanwar Sanni ce, likitar dabbobi a wani ɗan asibiti a Kwadaso. A hannunsa aka yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Ta zo ranar Asabar da jakarta, ta durƙusa ta gaida kawunta, ta wuce garke. Ta buɗe bakin ragon, ta matsa gwiwoyinsa. Daga nan ta tsuguna a bayansa, ta zaro awo irin na tela ta zagaya marainansa da shi. Sanni ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufin maƙwabta, daga bisani ya koma tsakar gida ya zauna, ya ba garken baya, ya ɗauko wani agogon da ba abin da ya same shi ya buɗe cikinsa.

Hikma ta wanke hannu, ta zo ta zauna kusa da Rakiatu a bakin murhu. Tsakaninta da kawunta bai fi tsawon tabarma ba.

Ta ce, "Mma, ki tambayi Kawu, tun yaushe yake yi masa allurar nan?"

Rakiatu ta ce, "Malam, wai tun yaushe?"

Sanni ya ce wa agogon, "Ki ce mata tun bayan annoba."

"Mma, ki gaya masa allurar ce. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar rago akwai wani ɗan abu, kamar ƙwayar gyaɗa. Shi ke aika saƙo ta cikin jini zuwa can ƙasa, wurin da na auna, ya ce su yi aiki. Su kuma su fitar da sinadarin da ke mai da rago rago. Kaurin wuya, wannan warin nasa, son tunkiya, har da irin da ke sa tunkiya ta ɗauki ciki, duk daga nan ne. Allurar tana kwantar da kumburi, gaskiya ne. Amma tana kuma sa ɗan abin nan ya yi shiru. Ya daɗe bai aika saƙo ba, su ma can ƙasa sun kwanta, har sun fara motsewa."

Rakiatu ta buɗe baki za ta maimaita. Sanni ya ɗaga hannu alamar ya ji. Ya daina taɓa agogon. A cikin kowane tsohon agogo akwai wata 'yar ƙafa mai kai da komo, siririya, wadda in ta tsaya duk sauran sun tsaya, ya kuma san ta kamar tafin hannunsa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa an dasa irinta a cikin kan rago ba, tana ta aiki a cikin duhu tun daga kasuwar Salaga har zuwa bayan ɗakinsa, ba mai ɗaure ta, ba mai zuba mata mai. Shi ne kuma, da hannunsa marar rawa, ya tsayar da ita.

Ya ce, "Ki tambaye ta, ana tayar da shi?"

"Mma, sai na duba irin tukuna. A kawo mini shi Litinin."

Ranar Litinin suka ɗora Salaga a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Sanni na riƙe da ƙaho, Shakiru na riƙe da gindi, suka ratsa cunkoson Bantama masu talla na yi wa ragon kirari. A asibitin, Hikma da wani abokin aikinta suka shiga da shi ciki, Shakiru ya bi su yana cewa shi babu abin da bai gani ba a jikin rago, ciki da waje. Sanni ya zauna a benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Can sai Hikma ta leƙo. A wurin aikinta ba Rakiatu, dole ta yi masa magana kai tsaye.

"Kawu, na ɗiga irin a gilashi, na saka a na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Ka zo ka duba da kanka."

"A'a."

"Leƙawa kawai za ka yi."

"Abin da Allah ya rufe a cikin jikin dabba, ba ni zan tsura masa ido ba. Ke aikinki ne. Ki faɗa mini kawai."

Shakiru ya fito yana goge hannu a rigarsa. "Kai da ka ƙare rayuwarka da madubi manne a ido kana leƙen hanjin agogon mutane?"

"Agogo mutum ne ya ƙera shi, Sarkin Fawa."

"To ni na leƙa. Ka san kasuwar Kejetiya lokacin da aka hana fita? Haka wurin yake. Ga ƙwayoyin irin nan birjik a kwance, ba mai motsi."

Hikma ta ce akwai hanya, amma ba ta da daɗi. Ba a yanke allurar farat ɗaya, don jikin ragon ya saba da ita har ya daina yin nasa sinadarin mai kwantar da kumburi. Sai dai a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Za ta ba shi wani maganin ciwo na sha, wanda ba ya danne wancan saƙon kamar deksa, sai dai bai kai ta ƙarfi ba. A yanke masa kofato, a shimfiɗa masa garin katako mai kauri, a rataya masa dutsen gishirin lasa mai sinadarai, a kuma rufe kwanon garken da ganyen kwakwa, domin iri ba ya son zafi. Sabon iri kuwa yakan ɗauki kusan wata biyu kafin ya nuna.

Sanni ya ce, "Zai sha wuya?"

"Zai sha, Kawu."

"In ya sha, tabbas ne?"

"Ba tabbas."

A nan tambayar ta kama shi, ta bi shi gida a bayan aboboya, ta zauna masa.

Ya yi duk abin da aka ce. Ya ɗebo garin katako wurin kafintoci, ya hau tsani da kansa ya jera ganyen kwakwa. Da allurar ta fara ja baya sai ciwon ya fara dawowa, kamar ruwa yana bin tsohuwar hanyarsa. Sheƙin gashin ya dusashe. Ƙugun ya faɗa. Wata safiya Sanni ya tarar da Salaga ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba, yana jan jiki zuwa wurin kwanon dusa, garin katako ya manne masa a geza. Ragon bai yi kuka ba. Ya dubi Sanni ne kawai da idon nan mai tabo, kallon da ba zargi a cikinsa, wanda kuma saboda haka ya fi zargi nauyi.

A rumfa aiki ya gagare shi. Ya riƙa ce wa kansa: ni nake son magaji, ba shi ba. Ni na san kakana, shi bai san nasa ba. Sunan Salaga ma ni nake jin daɗinsa. Shi da za a kira shi da wani suna zai zo in dai da dusa. To da wane haƙƙi zan biya bukatata da gwiwoyinsa? Sai kuma wata zuciyar ta ce: da wane haƙƙi ka kashe masa abin da aka halicce shi da shi, don kawai ba ka son jin nishinsa? Jinƙai ne ya sa ka tsira allurar, ko kuwa kunnenka ka hutar?

Ya kai maganar gaban Rakiatu tana tankaɗen gari.

Ta ce, "Malam, wace mai rai ce ta taɓa samun ɗa ba ciwo?"

"Ke kin san abin da kike jira. Shi bai sani ba."

"Kai ka tabbata bai sani ba? Ka shiga cikinsa ne?" Ta buga rariya a tafin hannu. "Ni dai na ga namiji ɗaya a duniya da zai ɗanɗana wahalar haihuwa, kuma duk gida an hana mu sakat."

Ranar da abin ya kai maƙura, an yi ruwa tun hantsi, sanyi ya shiga gaɓoɓin ragon. Har la'asar bai tashi ba, bai taɓa abinci ba. Sanni ya idar da salla, ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin kayan aikinsa, inda ya ɓoye sauran kwalbar a ƙarƙashin tsumma. Ya zuƙi maganin a sirinji. Ya ce a ransa, ya isa haka. Kakana ya yafe mini, zuriyar ta tsaya a nan, amma dabbar nan ta kwana lafiya. Ya shiga garke ya tsuguna, ya laluba cinyar da ya saba.

Bayan garken lungu ne, katangar kuwa ta katako ce mai ramuka. Daidai lokacin Abibatu ta koro tumakinta daga kiwo ta lungun, tana yi musu faɗa. Wata tunkiya ta tsaya a jikin katangar ta yi fitsari, ta wuce.

Sanni ya ji naman cinyar ya ɗaure a ƙarƙashin hannunsa. Salaga ya ɗaga kai. Hancinsa ya buɗe. Ya miƙa wuya sama, ya naɗe leɓensa na sama har dasashi ya fito, ya tsaya a haka yana zuƙar iska, abin da Sanni ya manta rabon da ya ga ya yi. Sai wani gurnani ya fito daga can cikin ƙirjinsa. Ya kafa ƙafar baya ɗaya, ya kafa ɗayar. Gwiwoyin gaba suka ƙi. Ya faɗi, ya sake yunƙurawa, jikinsa duk yana karkarwa, har ya tsaya a kan ƙafafu huɗu. Ya taka, yana ɗingishi, ya je ya dafa goshinsa a jikin katakon da tunkiyar ta tsaya, ya bugi ƙasa da kofato.

Sanni na tsugune da sirinji a hannu. Saƙon ya sauka. Ɗan abin nan da bai fi gyaɗa ba ya farka a cikin duhunsa ya yi kira, aka amsa masa daga can ƙasa, kiran kuma ya fi ciwon gwiwa ƙarfi. Ko wannan amsar ragon ce, ko kuwa shi ma jan sa ake yi da igiyar da bai ɗaura wa kansa ba, Sanni bai iya rabewa ba. Ya dai san ba zai iya tsira allura a kan abin da ya gani ba. Ya matse maganin a cikin garin katako. Kwalbar kuwa ya ba Rakiatu ya ce ta kai wa Hikma, kada ta sake kwana a gidan.

Daga ranar sauƙi ya fara zuwa, a hankali, da ci gaba da koma baya. Maganin sha ya fara kama jikinsa. Ɗingishin bai tafi ba, Hikma ta ce mai yiwuwa ba zai tafi ba har abada. Amma wuyan ya soma kauri, warin nan na rago ya dawo har Rakiatu ta koma shanya wanki a ƙofar gida. Ranar da Shakiru ya leƙa garken yana tambayar ina waliyyi, Salaga ya ja da baya ya kai wa ƙofar karo, sai da mahaucin ya zubar da hularsa.

Abibatu ta aiko a tambaya ko ta kawo tunkiya. Hikma ta ce a dakata. Son tunkiya daban, iri mai rai daban. Rago na iya hawa ya sauka ba a sami komai ba. Sai an sake dubawa.

Aka sake hawa aboboya, aka sake ratsa Bantama. Sanni ya koma bencinsa na ƙarƙashin mangwaro. Ta tagar da ke buɗe yana hango Hikma ta sunkuya a kan na'urar, tana murɗa wani abu a gefenta. Ta daɗe a sunkuye. Shakiru na tsaye a bayanta, kuma abin da ya fi tayar wa Sanni hankali shi ne mahaucin ya yi shiru.

Aka fito da Salaga aka ɗaure shi a gindin bishiyar. Ya zo ya tsaya kusa da benci, ƙafar hagu ta gaba a ɗan ɗage, ba ta taka ƙasa sosai. Sanni ya dubi gwiwar. Gashin wurin ya goge saboda jan jiki, fatar ta yi kanta, baƙa. Ya kalli wannan gwiwar kowace safiya bai kau da kai ba, don yana ganin wanda ya jawo ciwo ba shi da izinin kau da kai. Sai ya ga ashe rabin abin kawai ya yarda ya kalla. Ya sa dabba ta biya farashi mai tsanani, sa'an nan ya ce kunya ta hana shi duban abin da aka saya.

Hikma ta fito bakin ƙofa. "Kawu, in faɗa maka?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Kada ki faɗa."

Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ya cire. Shakiru ya matsa masa. Sanni ya zauna a kujerar, ya yi bisimilla, ya runtse idon hagu kamar yadda ya saba a rumfa.

A hankali Hikma ta ce, "Duka biyun za ka buɗe, Kawu."

Ya buɗe, ya sunkuya. Da farko haske ne kawai, fari, zagayayye kamar wata. Ta kama yatsunsa ta ɗora a kan abin murɗawa. Wannan kam hannunsa ya san shi. Ya murɗa kaɗan, ya dawo kaɗan, sai hasken ya tsage.

Suna nan. Wasu a kwance, kamar yadda Shakiru ya faɗa. Amma a tsakaninsu, ta kansu, ta ƙarƙashinsu, wasu na tafiya, ƙanana, masu kai da siririyar wutsiya, ba iyaka, kowanne na kaɗa wutsiyarsa yana kutsawa gaba kamar an gaya masa inda za shi. Ba sifirin kamar na agogo, ba batir, ba wanda ya ɗaure su. A cikin ɗigon da bai kai hawaye ba ga taron da ya fi na Zango ranar idi, kuma a cikinsu, wataƙila, akwai wanda ke ɗauke da baƙin tabon da ya taso daga kasuwar Salaga. Ya zaɓi guda ɗaya ya bi shi da ido, yana ratsa matattu, yana kaucewa, yana ci gaba, har ya kai bakin hasken ya fita.

Shakiru ya ce, "Mai agogo, ka bar wa mutane su ma su gani."

Sanni bai ɗago ba. Ya gyara zama, ya sake murɗawa kaɗan, ya zaɓi wani.